Rigar sanyi a jakar Bashiru

Dungas, ranar Laraba

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga 'yar Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka Magariya lafiya, kin tarar da gwaggonki da mutanen gidanta ƙalau. Allah Ya sa kin shiga garin a sa'a, Ya tsare fitarki da shigarki, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa. Babanki yana gaishe ki. Mijina ƙarami Bashiru, ɗan farinki, yana nan. Ya yi kukan nono da farko irin na kowane ɗan yaye, yanzu ya haƙura ya kama kunu, har ya fara bi na ɗaki-ɗaki yana duba ko na yi masa kishiyar miji.

Kin san ni da ƙyuyar rubutu, amma kada ki yi mamakin tsawon wannan. Wayar gidan nan a aljihun babanki take kwana, kuma duk saƙon muryar da ya shigo a tsakar gida ake buɗe shi, har kaji su ji. Shi ya sa na nemi bik da takarda na zauna, zan kuma ba mai moto ya kawo miki hannu da hannu.

Da na kwance jakar Bashiru na tarar da rigar sanyi, da safa, da kwalbar maganin siro da aka sha rabi. Muna cikin zafin kaka, mutane na yankan hatsi gumi na zuba. Ba ki ce mini komai a kan kayan nan ba. Karnensa na likita, katin awon nan, kuma ba ya cikin jakar. Ban san ko in ba shi maganin ko in bari ba, ban san ko jikinsa na ɗaukar ruwan randa ba. Har yau da ruwan ɗumi nake yi masa wanka, kwalbar kuwa ban taɓa ta ba. Zan dawo kan wannan. Bari in fara da aikinki, domin ta nan hanyar ta fi mini sauƙi.

Ana gobe za ki tafi kin baje mini takardun gidan rainon da aka ɗauke ki. Na gan su: dokokin wurin da Faransanci, shafi bayan shafi, da wadda iyaye za su cika, mai gidaje-gidaje, sunan yaro, sunan uba, lambar waya, ciwon da yake da shi, wanda zai zo ɗaukarsa. Kin ce Madam mai wurin za ta tura wa iyaye su ta waya, ke kuma ki karɓi sa hannu. Kina juya su a hankali kamar takardun gonar gado. Ban ce miki komai ba, saboda gwaggwanninki na zaune. Takardun suna da kyau, ba na kushe su. Amma ni ma na taɓa riƙe irinsu, kuma da su a hannuna na kusa kashe ɗan mutane.

Lokacin kina Kwaya wurin kakarki Inna kina karatun lakwal, don haka labarin Isuhu a bakin mutane kika ji shi, mutane kuwa ƙarshensa kawai suka riƙe. Ga yadda ya faro. Matan unguwarmu sun gaji da goya yara zuwa gayauna da damina, ko barinsu hannun tsofaffin da ba sa iya bin su. Sai ƙungiyarmu ta samu wani proje na taimako ya kafa mana rumfa, ya ba mu tabarmi da tukunya da takardu. Aka ce ni zan riƙe yaran, tunda na kai ajin satifika, ina iya haɗa baƙi. Na karɓa da faɗin rai. A ganina mace mai 'ya'ya ba ta bukatar a koya mata raino.

Abin da na fara yi shi ne na tara matan duka a ƙarƙashin rumfa, na karanta musu dokokin sau ɗaya ina juyawa da Hausa. Lokacin kawo yaro, lokacin ɗauka, kada a kawo mai ƙyanda, mai wani ciwo a faɗa. Kowace doka na karanta sai su ce "to". Da na ce musu kowace ta kawo mini raƙumi, "to" ɗin za su ce, domin hankalinsu na kan tukunyar da suka bari a wuta. Suka dangwala yatsa suka watse, ni kuma na ɗaure takardun na sa a akwati, ina jin na gama aiki.

Kada ki ɗauki "to" ɗin taro a bakin komai. Taro na gaisuwa ne da sanin fuska. Doka kuwa mutum ɗaya-ɗaya ake faɗa wa, da harshen da yake mafarki da shi, sannan ki bar shi ya maimaita miki da bakinsa. In kin ce "kin gane?" kowa zai ce ya gane. Ki ce, "In jikinsa ya yi zafi da safe, yaya za ki yi?" Amsar da za ta ba ki ita za ta nuna miki abin da ya shiga. Kuma kada ki ce ai mutanen Magariya ma'aikata ne, sun yi lakwal. Mai sa hannu da bik bai karanta ba, da mai dangwala yatsa, duk jirgi ɗaya ya kwaso su, sai dai na farkon ya fi saurin cewa ba a gaya masa ba. Abin da aka tura ta waya ma haka: ganin alamar an buɗe ba ya nufin an karanta.

A cikin matan akwai Indo, yarinya ce 'yar Dogo-Dogo da aka auro unguwarmu, matar Mamman mai sayar da buhuna. Ta zo da ɗanta na fari, bai daɗe da yaye ba, uwar mijinta Iya Gambo na biye da ita. Da layi ya zo kanta na ɗaga bik na ce, "Indo, sunan yaron?"

Ta ja gyale ta rufe baki, ta sunkuyar da kai. Mata suka fashe da dariya.

Iya Gambo ta ce, "Ke ma dai Tsahara, da girmanki! Ita za ki tambaya? Isuhu ne. Rubuta."

Na rubuta. Na ce, "Yana da wani ciwon da ya kamata in sani?"

Indo ta ɗago ta dube ni, ta dubi uwar mijinta, ta mayar da kai ƙasa. Iya Gambo ta ce, "Lahiyarsa lau. Gidanmu ba mu da ciwo, sai dai ci."

Aka sake dariya, na rubuta babu, na kira ta gaba.

Ki lura, al'adar nan ba baƙuwata ba ce. Na san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta maganarsa gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi ko da cikinta na ƙuna. Ni kaina a kanta nake, ke 'yar farina ke ce shaida. Amma da na riƙe bik sai na zama wata, na manta da abin da kowace mace a rumfar ta sani. Takarda ta ce a tambayi uwa, na tambayi uwa, a gaban surukarta da rabin unguwa. Wanda ya tsara takardar bai san Iya Gambo za ta zauna a gefe ba. Ni na sani.

To in mace ta zo miki da ɗan fari, ko ta zo da rakiyar uwar miji, ko ta miji, ki cika abin da ba ya da nauyi: unguwa, lambar waya. Gidan ciwo ki bar shi fari. Kada ki rubuta babu don kawai ba a faɗa miki akwai ba. Gidan da aka bari fari yana tuna miki da sauran aiki, wanda aka rubuta babu kuwa ya rufe magana. Daga baya ki nemi uwar ita kaɗai. Matan rugga masu kawo nono, in sun kawo miki yara, kunyarsu ta fi tamu, sai kin ƙara haƙuri.

Aka fara raino. Kullum Indo ce ke kawo shi da kanta, kuma kullum cikin rigar sanyi, da 'yar gorar ruwa a rataye a wuyansa. Sauran mata suna sauke yara su juya da gudu. Ita sai ta sauke shi ta tsaya a bakin zana, tana gyara ɗaurin zane, tana duba ƙotar hauyarta kamar yau ta fara ganinta. Ni kuwa ga yara na kuka, ga kunu a wuta. Sai in ce, "Indo, ki tahi, rana na yi. Na karɓe shi." Sai ta tafi. Tana ba da baya nake tuɓe masa rigar, ina cewa a raina sabuwar uwa da wauta, za ta dafa yaro da ransa. Gorar ma ajiye ta nake, in ce ya sha a randa tare da 'yan uwansa in ya ji ƙishi.

Uwar da ta ajiye yaro ta tsaya, magana ce a bakinta. Ki bar abin da kike, ko kunu ne ya ƙone, ki taka mata zuwa bakin hanya. Ba sai kin tambaye ta komai ba, ki dai yi tafiyar a gefenta, ba ido cikin ido ba. Kuma duk abin da kika ga uwa tana yi wa ɗanta kullum, ko ya yi miki kama da shirme, kada ki warware shi sai kin ji dalili. Wadda ba ta iya faɗa da baki, da kaya take faɗa.

Ranar da abin ya faru ruwa ya sauko da hantsi, irin mai iska. Yara suka ruga cikinsa suna tsalle, na bar su, domin mu ma haka muka tashi. Isuhu na cikinsu tsirara, ni na tuɓe shi da hannuna don kada rigar ta jiƙe. Bayan azahar ya fara kuka. Ba kukan yunwa ba ne, ba na rigima ba. In na taɓa ƙafarsa sai ya ƙwalla ƙara, in na ɗauke shi ya fi, in na ajiye shi ya fi. Na duba ko kunama ce, ban ga shaida ba. Idonsa ya yi wani ɗorawa-ɗorawa.

Iya Gambo ce ta fara zuwa, tunda ita tana gida. Na ce mata zan kai shi likita.

Ta ce, "Sanyi ne ya shige shi. A shafa mai man zafi a rufe shi. Ba a fita da ɗan mutum likita ubansa bai sani ba. Ki jira Mamman."

Mamman ya tafi kasuwar Mallawa tun da safe. Lambarsa na kan takarda, na buɗe akwati na ɗauko, na ari waya na kira, ba ta shiga. Na sake duba dokokin da na karanta wa mata. An rubuta lokacin kawowa, an rubuta lokacin ɗauka, har da cewa kowane yaro ya zo da kofinsa. Babu inda aka ce in ciwo ya kama yaro ina da izinin kai shi likita. Ban taɓa neman wannan izinin wurin kowa ba, kuma uba ko ɗaya ban taɓa zama da shi ba, don mun ɗauki rumfar a matsayin sha'anin mata. Sai na zauna. Na shafa man zafin na rufe shi, na zauna ina kallonsa har aka kira la'asar. Cikin duk abin da na yi, zaman nan ne ya fi tsada.

Wannan izinin ki neme shi tun ranar farko, tun yaro na wasa, kuma a bakin wanda maganarsa ke yanke hukunci a gidan. Sau da yawa ba shi ne ya kawo yaron ba. In uban ba ya zuwa, ki sa a kai ki, ko ki yi masa waya gaban matarsa. Ki faɗa masa dalla-dalla: in jikin ɗanka ya ɓaci, zan kai shi likita, sannan in neme ka. Ya ce ya yarda, ki rubuta, ki karanta masa abin da kika rubuta. Lambar waya ɗaya kuma ba lamba ba ce. Ki karɓi ta maƙwabci, ta ƙanen uba, ta duk wanda ba ya barin gari. Haka maganar mai zuwa ɗaukar yaro: a faɗa miki su wane ne tun da wuri, ki san fuskarsu, don ranar da baƙo zai tsaya a ƙofa ya ce shi baffansa ne, ba ranar tambaya ba ce.

Bayan la'asar mata suka fara dawowa daga gona. Indo ta shigo da hauya a kafaɗa, ƙafafunta duk laka. Ta ga ɗanta kwance, ta ga rigar sanyinsa rataye a kan zana a bushe, ta ga uwar mijinta zaune a kansa. Ba ta ruga ba. Ta gaishe da Iya Gambo har ƙasa, kamar yadda aka koya mata. Sannan ta zaga bayan rumfa, ta kira ni da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Yaya Tsahara, zo ki gani."

Na je. Babu abin gani, ita ce kawai jingine da zana. Ba ta dube ni ba ta ce, "Amosanin jini gare shi. Tun yana goye hannuwansa suka kumbura, ina gidanmu, innata ta kai shi likita aka auna. Sun ce kada sanyi ya taɓa shi, kada ya zauna da ƙishi, in ya fara wannan kukan a kawo shi maza. Karnen yana Dogo-Dogo."

Na ce, "Indo, me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Kullum ina tsayawa, Yaya. Kullum sai ki ce in tahi rana na yi."

Na koma na ɗauki yaron na goya. Iya Gambo na faɗa, tana cewa wa ya ba ni iko, na ce ta kai ƙarata duk inda ta ga dama. Kada ki ɗauka tsohuwar mugunta ta yi, ko ƙarya ta yi mini ranar rubutu. Ba ta sani ba. Indo ta faɗa wa mijinta, shi kuma ya ce Allah zai sawwaƙe, kada a tayar wa tsohuwa hankali. Ita kuwa yarinya ba ta da bakin da za ta zauna gaban uwar miji tana lissafa ciwon ɗan fari, a ce ba ta da kunya. Kowa a gidan ya kiyaye ladabinsa, yaron kuma yana kwance.

Na tare moto muka tafi likita. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya duba idonsa da tafin hannunsa, ya ce jininsa ya yi ƙasa sosai, nan ba su da abin yi sai Magariya. Ya tambaye ni tun yaushe, na faɗa masa. Aka sa mu a motar likita. A can Mamman ya same mu, aka ƙara wa yaron jini, ya yi kwanaki, ya tashi. Kin san shi ai, shi ne siririn telan nan na bakin kasuwa da ya ɗinka miki kayan suna. Har yau da rigar sanyi yake yawo, har yau kuma in na gan ta sai na kau da kai.

Da aka sallamo su Mamman ya zo har gida ya yi godiya. Da zai tashi ya ce, "Ai da kin tambaye ni tun farko, da na faɗa miki." Na so in ce masa shi me ya riƙe bakinsa, amma gaskiya ce ban tambaye shi ba.

Ban bar rumfar ba, na dai sake hanya. Na kwance takardun daga akwati na bi gida-gida da su. Na gane mace ta fi magana in hannunta na aiki, don haka nakan same ta tana surfe ko tana wanki, in karɓi taɓarya in taya ta. Mai ɗan fari ba na ce mata ɗanki. Sai in ce, "Yaron gidan nan, me ba ya so? Wane abinci ke ɓata masa ciki? An taɓa kwana da shi a likita?" Sai ki ji tana amsawa kamar maganar ɗan maƙwabta take. Wadda ta kasa duk da haka, in nemi ƙawarta ko innarta. Abin da na ji a zagayen nan ya isa: mai farfaɗiya, mai kunnen da ba ya ji sosai, wanda uwarsa da ubansa suka rabu ana jan sa tsakanin gida biyu. Dukkansu na rubuta musu babu a ranar taro.

In na rubuta sai in karanta wa uwar abin da na rubuta, in tambaye ta wa ta yarda ya sani. Wannan ma ki riƙe shi. Abin da aka faɗa miki a bayan zana ba na hira ba ne. In kika bari maganar ciwon ɗan wani ta fita daga bakinki ta zaga Magariya, daga ranar kowace uwa za ta ce miki lafiyarsa lau, kuma ke kika jawo. Takardun ki adana su inda hannu ba ya kaiwa, amma ba inda ke kanki za ki manta da su ba. Yaro yana canzawa, gida yana canzawa, abin da aka faɗa miki bana ba lallai ya kai baɗi ba. Ki riƙa komawa kina tambaya. Dokokin kuma ki ba kowane gida nasu su tafi da shi, ko ba mai karatu a gidan, za a samu wanda zai karanta musu ranar da gardama ta tashi.

Madam za ta so ki tara sa hannu da wuri, ta ga takardu sun cika. Ki yi mata biyayya, ita ta ɗauke ki. Amma ki roƙe ta ta bar ki ki zauna da iyaye ɗaya-ɗaya, ko da zai ci makonni. In ta ce ɓata lokaci ne, ki ba ta labarin Isuhu, na yafe miki, ki faɗi sunana ma in kin so. Ina jin tsoron ranar da za ki tsaya da ɗan mutane a hannu, takardarki cike tsaf, ba ki san komai ba.

Yanzu in dawo kan jaka.

Safiyar tafiyarki gidan nan cike yake. Gwaggwanninki sun zo sallama, babanki na zaure, mai moto na ta danna oda. Kin miƙo mini jakar yaron ba ki dube shi ba, yadda ya kamata, har gwaggonki Abu ta yaba, ta ce lakwal bai cinye miki kunya ba. Kin kai bakin ƙofa kin tsaya. Kina gyara igiyar jakarki, kina duba takalminki. Ni kuma na ce, "Ki tahi, mai moto na jira. Na karɓe shi." Kalmomin sun fita daga bakina ban gane su ba, sai da na kwance jaka na ga rigar sanyi. Shekara da shekaru ina koya wa mata wannan karatun, ranar da ya zo ƙofar ɗakina na faɗi.

Ba na cewa abin da ke damun Isuhu shi ke damun Bashiru. Ban sani ba, kuma ba zan yi duba a kan jikana ba. Wataƙila tari ne ya yi ya wuce, wataƙila rigar kyauta ce kika rasa inda za ki sa. In haka ne, ki faɗa, in yi dariya in yi masa wanka da ruwan randa. Amma na tuna watannin baya kin kai shi likita ba sau ɗaya ba, kina cewa awo ne, ni kuma ban bi ba, don ba na son in sa ki magana a kansa. Sanyi na tafe. Ba zan sake zama ina kallon yaro ina jiran wanda wayarsa ba ta shiga ba.

Na sa miki farar takarda a cikin wannan. Ki shiga ɗaki ke kaɗai ki cika ta. Me aka ce yana da shi, maganin na mene ne, yaushe ake ba shi, me zan kiyaye, wace alama ce in na gani ba zan jira kowa ba. Ba sai kin rubuta sunansa ba, ki ce yaron gidan nan, zan gane. Ki naɗe ta tare da karnen ki ba mai moton da ya kawo wannan. Ni kaɗai zan karanta, gwaggwanninki ba za su ji ba, babanki ma sai abin da kika ce a faɗa masa. Ki kuma sa uban yaron ya kira babanki daga can Aljeriya inda yake, ya faɗa da bakinsa cewa in jikin ɗansa ya ɓaci in kai shi likita ba sai an neme shi ba. In Juma'a ta wuce ban ga amsa ba, zan goya shi in kai a auna jininsa, kowa ya ce abin da zai ce.

Na san nauyin abin da nake nema. Tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki ba. Aka yaye ki aka kai ki Kwaya, kika tashi kina ce mini Yaya, ina ce miki 'yar Inna. Shekarar da kika yi ƙyanda, da aka zo da labari ban tambayi komai ba. Na ci gaba da tankaɗe, na bari aka faɗa wa babanki, ni kuma ina bayan ɗaki ina saurare, garin na zuba a ƙasa. An yabe ni a kan haka. Ba na zagin al'adar, a cikinta aka rene ni, a cikinta zan mutu. Amma an yi ta ne don idon mutane, takarda kuwa ba ta da ido. Wannan ne amfaninta da na daɗe ban gano ba. Tunda ina so ki rubuta abin da bakinki ya kasa, bai kamata in nema ban fara ba.

Habsatu.

Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba. Saura ke.

Allah Ya tsare ki a inda kike, Ya kare ki daga sharrin hanya da na baki, Ya sa yaran da za a damƙa miki su koma hannun iyayensu lafiya kowace yamma. Allah Ya ba ki haƙurin sauraro, Ya sa albarka a aikinki. Ya raya miki ɗanki, Habsatu, Ya ba ni ikon mayar miki da shi yadda kika ba ni. Ki gaishe da gwaggonki. Ina jiran mai moto.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Tsahara